Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga shugabannin kwalejojin jihar Sakkwato a kan koci da kuɗin wasan tanis

Zuwa ga shugabannin kwalejoji da sauran makarantun gaba da sakandare na jihar Sakkwato, da ma'ajinsu, da daraktocin wasanninsu.

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Bayan gaisuwa da fatan alheri, ranku ya daɗe, na rubuto ne a kan wani al'amari da ba kasafai yake kaiwa teburin majalisar gudanarwa ba sai an gama da komai an fara tattara takardu. Wasan tanis nake nufi: wa ke koyar da shi a kwalejojinmu, wa ke biyan mai koyarwar, kuma daga wane aljihu kuɗin ƙwallo ke fitowa. Na yi wasan ina ɗalibi, yanzu kuma ina cikin masu zuwa da la'asar su taimaka wa yara a filin wata kwaleji a nan jihar, don Allah, ba da albashi ba. Na zaɓi in yi magana a bainar jama'a ne saboda ɗalibai da iyayensu, waɗanda su ke biyan kuɗin wasanni duk shekara, suna da haƙƙin su ji.

Abin da nake roƙo bai da yawa. Ku ɗauki mutum ɗaya aiki da takarda, aikinsa shi ne tanis, kuma ku rubuta wa wasan layinsa a kasafin kuɗi, ko da kaɗan ne, muddin zai riƙa fita a kan lokaci.

Bari in fara da mutum, don a nan ciwon yake. Yadda aka saba, tanis yana hannun ɗaya daga cikin mutum uku. Ko dai malamin sashen ilimin motsa jiki da lafiya, wanda darussa da duba jarrabawa da zagayen duba ɗalibai masu koyon koyarwa suka riga suka cika masa mako, aka ɗora masa tanis a kai babu ko sisin alawus. Ko wani dattijo da ya iya wasan tun zamanin da ma'aikatan gwamnati ke taruwa a kulob da yamma, yana zuwa idan jiki ya yarda da kuma idan akwai mai a babur. Ko kuma ɗan bautar ƙasa da Allah ya jefo daga kudu da raket a jakarsa. Wannan na ukun shi ya fi sa ni baƙin ciki, domin shekara ɗaya ce tak gare shi. Zai tara yara, su fara kama hannu, fili ya fara cika, sai ranar sallama ta zo ya hau mota. Bayan wata biyu raga ta saki, ƙwallaye sun watse a ɗakunan kwanan ɗalibai, yaran sun koma ƙwallon ƙafa ko sun zauna. Wanda zai zo bayansa, in ma an samu, daga farko zai soma. Dukkan mutanen nan uku sun cancanci godiya, amma babu ɗayansu da za a iya kira ofis a tambaye shi dalilin da ya sa ba a yi atisaye ba jiya, tunda babu wanda aka ɗauka don haka.

Wataƙila wani zai ce ai ƙwallon ƙafa ma ba kullum take da koci ba, kuma ga ta tana tafiya. Bambancin shi ne yaron Sakkwato yana zuwa kwaleji da shekara goma ko fiye na taka leda a lungu da filin makarantar firamare. Unguwa ta riga ta koya masa. Tanis kuwa mafi yawan ɗalibanmu ranar da suka shigo fili ita ce ranar farko da suka taɓa riƙe raket. Riƙon kansa sai an nuna, domin na bugun gaba daban, na bugun bayan hannu daban, na sabis, wato bugun fara wasa, daban. Wanda ya koyi sabis da muguwar kama zai ɗauki shekaru yana fama da kafaɗa da gwiwar hannu, kuma kwance kuskuren ya fi koyar da sabon shiga wuya. Ga lokaci kuma a ƙure: mai neman takardar NCE shekara uku gare shi, mai ƙaramar difloma shekara biyu. Idan shekarar farko ta wuce babu mai koyarwa, an gama. Shi ya sa wannan wasa ba ya rayuwa a hannun ɗan taimako, sai a hannun wanda zai karɓi yaro a zangonsa na farko ya raka shi har ya fita.

Samun irin wannan mutum ba abu ne mai wuya ba. Cibiyar Wasanni ta Ƙasa da ke Surulere a Legas, wadda aka kafa a 1974, aikinta ke nan, horar da masu horarwa. Hukumar Tanis ta Duniya tana da kwasa-kwasan koci mataki-mataki, tun daga na koyar da sabon shiga, kuma ta hannun Hukumar Tanis ta Nijeriya ake yin su a ƙasar nan. A cikin ƙananan ma'aikatan sashen wasanninku, ko cikin ɗalibanku da suka gama suna zaune a gida, akwai wanda idan aka tura shi ya yi kwas ya dawo, zai riƙe filin shekara ashirin. Ɗan gari nake ba da shawara a ɗauka, mai iyali a nan, wanda ba zai nemi canjin wurin aiki ba da zarar zafin watan Afrilu ya kama shi.

Idan kuma kwaleji ɗaya ta ga ba za ta iya ɗaukar albashinsa ita kaɗai ba, to ku haɗa hannu. Manyan makarantun da ke cikin birni da kewayensa, tun daga Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da jami'ar jiha har kwalejin kimiyya da fasaha ta Umaru Ali Shinkafi da makarantar horar da malamai mai sunan Shehu Shagari, duk mai babur zai iya zaga biyu daga cikinsu a mako ba tare da ya jigata ba. Makarantu biyu su raba albashi, su raba kwanaki, a rubuta a takarda, kowa ya sa hannu. Na Wurno da Gwadabawa su ne ke da nisa, su kam sai dai a horar da wani daga cikin ma'aikatansu, kocin birni ya riƙa leƙa shi lokaci-lokaci.

Akwai wani abu da ya kamata a rubuta a takardar ɗaukarsa aiki, don kada wani shugaban sashe ya zo gobe ya ce ba ya ganinsa a ofis. A garin da zafi ke haura digiri 40 daga Maris zuwa Mayu, babu mai hankalin da zai tsayar da yara a kan siminti da tsakar rana. Lokacin tanis a Sakkwato biyu ne, bayan sallar asuba kafin a shiga aji, da tsakanin la'asar da magariba. A watan azumi ma sai an sake lale. Don haka aikin koci ba ya bin ƙarfe takwas zuwa huɗu, kuma a auna shi da yawan yaran da ke zuwa fili da abin da suka iya, kada a auna shi da rajistar sa hannu ta safe.

Mutum na biyu da fili ke buƙata shi ne wanda ba a taɓa tunawa da shi, wato mai kula da filin. Tsawon filin tanis mita 23.77 ne, faɗinsa na wasan bibbiyu mita 10.97, kuma daga Nuwamba zuwa Fabrairu hunturu yana shimfiɗa masa ƙura kowace safiya. Ƙura a kan siminti santsi ce, ɗan wasa yana juyawa zai zame, a ji targaɗe ko karaya. Sai an share kafin kowane atisaye. Da damina ruwa yana kwanciya a inda ƙasa ta lotsa, ya shiga tsaga, ciyawa ta fito, tsagar da za a toshe da bokitin siminti ɗaya ta zama aikin ɗan kwangila. Raga idan aka bar ta a rana dare da rana takan ruɓe, alhali tsayinta a tsakiya dole ya tsaya a santimita 91.4, sai da mai ɗaure ta yana aunawa. Waya idan ta ɓule, awaki ne za su shigo. Duk wannan aikin ƙaramin ma'aikaci ɗaya ne da tsintsiya da makulli, kuma a cikin masu shara da masu gadin da kuke biya yanzu ana iya ware ɗaya a ce fili nasa ne. Kada a raina wannan matsayi. Mahaifin ɗan wasan tanis Frances Tiafoe, wanda ya yi ƙaura daga Saliyo, ya yi aikin kula da fili a wata cibiyar tanis a jihar Maryland ta Amurka, kuma a nan ɗansa ya tashi yana buga ƙwallo a bango har ya kai wasan kusa da na ƙarshe a gasar US Open ta 2022.

Na san abin da ya fi daɗi a wurin hukuma shi ne gini, domin shi ake yanke ƙyalle a ɗauki hoto, kuma shi ake iya nema wa tallafi. Asusun TETFund, wanda dokar 2011 ta kafa a madadin tsohon asusun harajin ilimi, yana yin gine-gine a makarantun gwamnati, amma ba ya biyan albashin ma'aikatanku. Wannan nauyinku ne da na gwamnatin da ta mallaki makarantar. Gina fili ba tare da an tanadi mai koyarwa da kuɗin ƙwallo ba, kamar sayen doki ne babu harawa babu mai shiga barga. Mutanen garin nan sun san ƙarshen irin wannan doki.

Yanzu ga maganar kuɗi, kuma ina roƙon ma'aji ya saurare ni da kyau, domin tanis yana cin kuɗi ta hanyar da ba ta yi kama da sauran wasanni ba. Ba ya cin da yawa a lokaci ɗaya, amma ba ya daina ci. Ƙwallon tanis da iska a matse a cikinta take zuwa, shi ya sa ake sayar da ita a gwangwani a rufe. Ranar da aka fasa gwangwanin ta fara mutuwa, ko an buga ko ba a buga ba, cikin 'yan makonni tsallenta ya ragu. A manyan gasanni bayan wasa bakwai na farko ake canza ƙwallaye, daga nan kuma duk bayan tara. Mu ba mu nemi haka ba, amma filin siminti yana cinye gashin ƙwallo da sauri, kuma yaron da ya yi wata shida yana atisaye da matacciyar ƙwallo, ranar da ya je gasa aka fasa sabuwa, duk bugunsa waje zai tafi. Zaren raket shi ma yana tsinkewa, mai bugu da ƙarfi ya fi saurin tsinka shi. Takalmi kuwa siminti yana side tafinsa. Ba ɗaya daga cikin waɗannan da ake ƙerawa a nan, duk daga waje suke zuwa. Tun da aka saki naira a Yunin 2023, dala ta tashi daga wajen naira 460 a farashin gwamnati ta haura 1,500 a farkon 2024, farashin gwangwanin ƙwallo da zare ya bi ta. Kasafin da aka rubuta kafin wannan lokaci, in har akwai shi, ba ya sayen rabin abin da yake saye a da.

To amma akwai hanyoyin rage asara, kuma koci na gaskiya ya san su. Akwai ƙwallayen atisaye marasa matsin iska, sun fi nauyi a hannu amma suna daɗewa, su za a zuba a kwando don koyon bugu, a ajiye na gwangwani don wasa da shirin gasa. Akwai injin saƙa raket, sayensa sau ɗaya ne. A inda nake taimakawa, idan zare ya tsinke sai mun jira mai tafiya Kano ko Kaduna mu ba shi saƙo, yaro ya zauna makonni babu raket, ga kuɗin mota a kan kuɗin saƙa. Da akwai injin a ɗakin ajiya, da an koya wa ɗalibi ɗaya ko biyu, su saƙa na kwaleji kyauta, su saƙa na mutanen gari a biya, su kuma fita da sana'a a hannu. Kuma sayen kaya sau biyu a shekara, a farkon kowane zango, kai tsaye daga dila, ya fi arha nesa ba kusa ba a kan sayen gaggawa ana saura kwana uku tafiya gasa.

Daga ina kuɗin zai fito? Ranku ya daɗe, yana hannunku tuntuni. A takardar kuɗin rajista da ɗalibi ke biya akwai layin wasanni. Bari in yi misali kawai, kowace makaranta ta sa nata alƙaluman. A ce ɗalibai 5,000 ne, kowa ya biya naira 1,000, an tara naira miliyan 5 ke nan. A ce an ware wa tanis biyar cikin ɗari, naira 250,000. Ba za ta biya albashi ba, kuma bai kamata a biya albashi daga nan ba, amma za ta sa kwandon ƙwallo ya daina zama fanko. Ban ce a raba daidai da ƙwallon ƙafa ba. Ita ta fi jama'a, ta cancanci kaso mafi tsoka. Abin da na ƙi shi ne a ce sauran wasanni ba su da kaso sam, sai abin da ya rage, alhali ɗalibar da ba ta taɓa taka filin ƙwallo ba ita ma ta biya.

Kuma ina roƙon a riƙa liƙa lissafin kuɗin wasanni a allon sanarwa a ƙarshen kowace shekarar karatu: ga abin da aka tara, ga abin da aka kashe, ga inda ya tafi. Ba zargin kowa nake yi da cin kuɗi ba. Na san sau da yawa kuɗin wasanni yana narkewa ne cikin man janareta da gyaran famfo da biyan masu shara, duk abubuwan da ba a iya jira da su. Amma kuɗi ne da aka karɓa da sunan abu ɗaya, amana ce, kuma idan larura ta sa aka ara, a rubuta an ara, a mayar. Daraktan wasannin da ya san adadin da ke hannunsa tun farkon shekara zai iya tsara aiki. Wanda bai sani ba, rayuwarsa za ta ƙare a bin fayil daga ofis zuwa ofis, kuma na ga masu himma da yawa da wannan bin fayil ya kashe musu gwiwa.

Maganar gasa ita ce inda ake yin ɓarna mafi girma. Jami'o'i suna da gasar wasanninsu ta ƙasa, NUGA, tun 1966, kwalejojin ilimi suna da tasu, NICEGA, na kimiyya da fasaha suna da NIPOGA. Abin da aka saba shi ne a yi shiru shekara guda ko biyu, sai takardar gayyata ta iso, a saki kuɗi a makare, a tara yara sansanin mako biyu, a saya musu riguna, a tafi. Mako biyu ba ya yin ɗan tanis. Yaran za su je a fitar da su a zagayen farko, su dawo da kunya, sai a ce ai ga shi nan, tanis ba namu ba ne, a ƙara rage masa kaso. Daga nan ne kuma shaiɗan ke raɗa wa mutane a ɗauko ɗan wasan haya a yi masa katin ɗalibi, abin da yake ha'inci ne kuma zalunci ga yaron da ya yi ta zuwa atisaye. Da rabin kuɗin sansani da riguna aka baza shi a kan watanni goma sha biyu na ƙwallo da koci, da sakamakon ya bambanta. Alawus ɗin 'yan wasa kuma a ba su a hannu kafin mota ta tashi. Ɗalibin da ya bar gida da kuɗin aro don ya wakilci makarantarsa, ya dawo yana bin bashin alawus har ya gama karatu, ba zai ƙara zuwa ba, kuma zai gaya wa na bayansa.

Ba sai an jira gasar ƙasa ba ma. Daga nan zuwa Kano, inda ake yin gasar tanis ta Dala, tafiyar sama da kilomita 500 ce ta Talata Mafara da Gusau da Funtuwa, kuma kowa ya san halin da hanyar take ciki da abin da man fetur ya zama tun bayan cire tallafi a Mayun 2023. Ba zan ga laifin shugaban da ya yi jinkirin sa 'ya'yan mutane a wannan hanya ba. Amma makarantun cikin birni za su iya karawa da juna duk ranar Asabar ta ƙarshen wata ba tare da an kashe komai ba sai ruwan sha da gwangwani biyu. Argungu da Birnin Kebbi, inda kwalejin Adamu Augie da ta Waziri Umaru suke, ana zuwa a dawo a yini ɗaya. Tawagar tanis duka-duka maza huɗu mata huɗu ce da koci, ƙaramar bas ɗaya ta ɗauke su. Yaro yana koyon wasa ne da karawa da wanda bai saba da shi ba, kuma wannan ita ce hanya mafi arha ta samun hakan.

Kada ku ɗauka talaucinmu ne kaɗai ke jawo wannan. A 2020, lokacin annobar korona, manyan jami'o'in Amurka irin su Iowa da Minnesota sun sanar da rufe tanis na maza, alhali suna juya miliyoyin daloli a wasanni. Ƙaramin wasa shi ake fara yankewa a ko'ina idan aljihu ya matse. Amma a ƙasar dai, ɗaruruwan ƙananan kwalejoji da ba su ba ɗan wasa ko sisin tallafin karatu don wasa suna riƙe da tanis ɗinsu shekara da shekaru, da yawansu da koci ɗaya mai kula da maza da mata. Abin da ya riƙe su shi ne an rubuta kocin a jerin ma'aikata, an rubuta ƙwallon a kasafi. Mu ma nan ƙasar mun taɓa ganin abin da wasan ke iya yi wa ɗan talaka. Nduka Odizor da tsintar ƙwallo ya fara a Legas, tanis ya kai shi Jami'ar Houston, ya kai zagaye na huɗu a babbar gasar Wimbledon ta Ingila a 1983. Shi da Tony Mmoh da Sadiq Abdullahi suka wakilci Nijeriya a gasar Olamfik ta Seoul a 1988.

Na san amsar da ke bakin wasunku, kuma ba amsar banza ba ce. Ɗakunan kwana suna yoyo, ruwa yana yankewa, kuɗin wuta ya ninka, ma'aikatan wucin gadi suna bin bashi, sannan wani ya zo da maganar ƙwallo mai gashi. Ban ce a fifita tanis a kan ruwan sha ba. Ina tunatar da ku ne cewa ɗaliban ilimin motsa jiki da kuke yayewa su ne za su je ƙananan sakandare a Tambuwal da Illela da Isa su koyar da darasin da tanis ke cikinsa. Malamin da ya zana fili a allo ya haddace ma'auninsa ya ci jarrabawa, bai taɓa buga ƙwallo ta haye raga ba, me zai koya wa yara? A kwalejin horar da malamai filin tanis aji ne, kamar yadda ɗakin gwaje-gwaje yake aji ga mai karatun kimiyya, kuma ba ku taɓa barin ɗakin gwaje-gwaje babu ma'aikaci ba.

Sai 'ya'yanmu mata, waɗanda su suka fi cutuwa da wannan sakaci. Wasannin da iyaye a nan za su yarda 'yarsu ta yi ba su da yawa. Tanis yana cikinsu, domin babu gogayyar jiki, raga ce tsakanin mutum da abokin karawarsa, kuma ana yin sa da dogon wando da riga mai dogon hannu da ɗankwali ko ƙaramin hijabi ba tare da an rasa komai ba. Abin da suke buƙata shi ne sa'o'insu na daban, fili mai katanga ko shinge, da mace a cikin masu koyarwa, ko da ɗaliba ce babba da aka ba ɗan alawus ta zama mataimakiya. Na ga yadda fuskokinsu ke canzawa idan aka gaya musu Ons Jabeur, Musulma 'yar Tunisiya, ta kai wasan ƙarshe na Wimbledon a 2022 da 2023. Ba dole su kai can ba. Ya isa a ce matar da za ta yi shekara talatin tana koyarwa ko tana jinya ta fita daga hannunku da wasan da za ta riƙa motsa jini da shi har tsufa, a zamanin da hawan jini da ciwon suga suka shiga kusan kowane gida.

Filin da ke da mai kula da shi kuma yana iya kawo kuɗi da kansa. A garin nan akwai likitoci da ma'aikatan banki da jami'an tsaro da malaman jami'a da ke son wurin buga wasa da yamma, kuma za su biya kuɗin wata idan sun tarar da fili a share, raga a ɗaure. Idan aka sa fitilar sola, har bayan isha'i za a yi wasa, lokacin da gari ya yi sanyi. A lokacin hutu ana iya buɗe ajin yara da ƙwallaye masu laushi, ja da ruwan lemo da kore, waɗanda aka yi musamman don masu koyo. Sharaɗi ɗaya ne: kowace naira ta shiga asusun makaranta ta banki, a ba da rasit, kada a karɓa a hannu, kuma a rubuta cewa kaso mafi yawa zai koma fili. Haka nan tsofaffin ɗalibai da 'yan kasuwa da kamfanoni, har da na siminti da ke Kalambaina, ana iya tunkararsu da roƙon gyaran fili ko ɗaukar nauyin gasar shekara. Amma duk wanda za ku je wurinsa tambaya biyu zai yi, wa ke riƙe da abin, kuma ina lissafin bara. Yau ba mu da amsar ko ɗaya.

Don haka, ranku ya daɗe, kafin ku rufe kasafin shekarar karatu mai zuwa, ina roƙon kowane shugaba ya kira daraktan wasanninsa da ma'aji su zauna a kan wannan magana, su fito da sunan wanda za a tura kwas, da adadin da za a ware wa ƙwallo da zare a kowane zango, da ranar da za a liƙa lissafi a allo. Ina kuma roƙon ma'aikatar matasa da wasanni ta jiha ta tara makarantun a teburi ɗaya a kan batun raba koci da gasar wata-wata. Mu masu zuwa taimako za mu ci gaba da zuwa, kuma a shirye muke mu zauna da duk kwamitin da kuka kafa mu kawo jerin kayan da ake buƙata da farashinsu na kasuwa.

Allah ya taimake ku, ya ba ku ikon sauke nauyin da ke kanku.

Wassalam.

Naku,
Wani tsohon ɗan wasan tanis,
Sakkwato.